Zuciyar kwaɗon Best ta ƙi fita, mabuɗin cirewa kuma babu: ta ina ake kama ta?

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum, masana. Tambayata a kan makullin nan ne da ake zare wa zuciya, wato sashen da mabuɗi ke shiga, ƙaramin mai siffar lamba 8 da ake kira SFIC. Kwaɗon kamfanin Best ne, nawa ne na gwaji, yana ɗaure a bais (matsen ƙarfe na kan teburin aiki), ba a ƙofar kowa yake ba. Zuciyarsa mai ramuka 6 ce. Mabuɗin da ke buɗe shi yana nan, na cire zuciyar ne babu.

Abu uku nake son a warware mini. Idan na sa tsinke da ƙarfen matsi, kayan buɗe makulli ba da mabuɗi ba, sai in ji kowane fil, wato 'yan sandunan da mabuɗi ke ɗagawa a cikin ramukan, ya zauna, shida cif, amma majuyin ko gezau. Me ke riƙe shi? Sannan ta yaya ake fitar da zuciyar ba tare da an lalata ta ba, kuma idan ta fito ana iya gano yankan mabuɗin cirewar daga cikinta? Na ƙarshe, shin irin wannan ne ake kira makulli mai babban tsaro, ko wancan daban ne? Allah ya ƙara basira.

Tsohon Maƙeri:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hannunka bai yi maka ƙarya ba, filolin sun zauna da gaske. Matsalar ita ce ba a layi ɗaya suka zauna ba.

Makullin gida na yau da kullum sassa biyu ne ke gogar juna: majuyi, wato dunƙulen tagullar da mabuɗi ke shiga, da kwanson da ke riƙe da shi. Tsakaninsu layin rabuwa ɗaya ne tak. A kowane rami filoli ne jere, wani a kan wani. Da zarar mahaɗar kowane jerin fil ta zo daidai wannan layin, majuyi ya sami sarari. Zuciyar SFIC kuwa sassa uku ce. Akwai majuyi a ciki, akwai kwanso a waje, a tsakaninsu kuma akwai wata riga ta tagulla da ta lulluɓe majuyin. A jikin rigar nan akwai wani ɗan kunne da ke leƙowa ta gefen zuciyar, wajen ƙugun lamba 8 ɗin, can ta baya. Shi ne ke maƙale a bayan wani tudu a cikin gidan kwaɗon, shi ya hana zuciyar zamewa. Saboda haka layukan rabuwa biyu ne: na ƙasa tsakanin majuyi da riga, shi ne layin buɗewa, na sama tsakanin riga da kwanso, shi ne layin cirewa. Tazarar da ke tsakaninsu inci 0.125 ce, milimita 3 da 'yan kai.

Mabuɗin buɗewa yana jera mahaɗai a layin ƙasa, majuyi ya juya shi kaɗai, riga ta tsaya cak. Mabuɗin cirewa yana jera wasu mahaɗan daban a layin sama, sai majuyi da riga su zama abu guda, su juya tare wajen digiri 15 zuwa dama, kunnen ya shige ciki, ka jawo zuciyar da mabuɗin a hannunka. Ba ya wuce digiri 15 ɗin nan, ba ya kuma juyawa hagu.

To yanzu dubi abin da ke faruwa idan ka matsa majuyin da ƙarfen matsi irin na kowa. Majuyi na tura fil, fil na tura riga, riga na tura wani fil ɗin a jikin kwanso. Matsin ya rabu kan layuka biyu. A rami na farko kana iya ɗaga jerin har mahaɗar layin ƙasa ta zauna, ka ji ƙas. A na biyu kuma wadda ta fara zuwa ta layin sama ce, ita ma ka ji ƙas iri ɗaya. Yatsa ba ya bambance su. Kana gamawa sai a sami huɗu a ƙasa, biyu a sama: biyun nan sun ɗinke majuyi da riga, huɗun kuma sun ɗinke riga da kwanso. Komai ya zauna, komai kuma a kulle. A zuciya mai ramuka 6, idan kowane rami na da zaɓi biyu, hanyoyin zama 64 ne, 2 kawai ke buɗe wani abu. Mai ramuka 7 kuwa 128 ne, su ma 2 kawai.

Wannan tsari tsoho ne. Frank Best ya kafa kamfaninsa a Amurka a 1925, kuma abin da ya sa ya karɓu a makarantu da asibitoci da manyan ma'aikatu shi ne mai kula da gini zai iya sauya makullin ɗaki cikin daƙiƙoƙi, ba sukurdireba, ba kwance ƙofa. Wahalar da yake bai wa mai tsinke riba ce da ta biyo baya.

Dangane da kayan aiki, hanyar mabuɗin waɗannan zukatan matsattsiya ce, ga lanƙwasa. Tsinke mai kaurin inci 0.025 yana gogar bango, ya riƙa ba ka ƙarar da za ka zaci fil ne. Nemi ƙugiya, wato tsinke mai lanƙwasasshen baki, mai kaurin 0.015 ko 0.018, ka sa ƙarfen matsin a saman hanyar don ƙasan ya zama naka. Matsin kuma ya zama kaɗan ƙwarai, kwatankwacin yadda za ka danna maɓallin waya. An ƙera zukatan nan da awo mai tsauri, motsin da majuyi ke yi idan fil ya zauna bai kai kaurin gashi ba, matsi mai yawa yana haɗiye shi gaba ɗaya.

Gargaɗi ɗaya idan ya buɗe maka a layin ƙasa: kada ka kai majuyin rabin zagaye, wato digiri 180, babu mabuɗi a ciki. A wannan matsayin buɗaɗɗen ƙasan hanyar mabuɗi yana fuskantar ramukan sama, siririn fil na iya faɗowa ciki ya cije. In dole ne ka wuce wurin, tokare ƙasan hanyar da bayan tsinke har ka wuce.

Mai Awo:

Malam Tsohon Maƙeri ya shimfiɗa tabarmar, bari in ɗora lissafin, domin amsar tambaya ta biyu a cikinsa take.

Mafi yawan zukatan da za ka ci karo da su suna kan tsarin da ake kira A2. A cikinsa zurfin yankan mabuɗi hawa 10 ne, daga 0 mafi tudu zuwa 9 mafi zurfi, kowane hawa inci 0.0125. Kaurin kowane fil inci 0.108 ne, tazarar rami da rami kuma 0.150. Dokar da komai ya rataya a kanta ita ce: a kowane rami, idan ka tara lambobin filolin da ke ciki, dole su ba ka 23. Ba 22 ba, ba 24 ba.

Jerin yana tafiya haka daga ƙasa zuwa sama. Fil na ƙasa mai tsinin baki, lambarsa ita ce yankan da ya fi tudu a cikin mabuɗan da ke buɗewa. Idan akwai masta, wato mabuɗin da ke buɗe ƙofofi da yawa, sai fil na biyu, wanda shi ne bambancin yankan biyu. Sai fil na ciko, wanda ke ɗaga jerin zuwa layin sama. Sai fil na can sama, wanda sifirin, wato ɗan murɗaɗɗen waya mai turawa, ke dannawa. Tunda kaurin rigar inci 0.125 ne, hawa 10 ke nan daidai, sai a ƙara 10 a kan yankan mabuɗin cirewa a sami abin da ake kira lambar cirewa.

Ga rami ɗaya a buɗe. Mabuɗin ɗaki yankansa 2, masta 6, na cirewa 8. Fil na ƙasa lamba 2. Na masta 6 a debe 2, saura 4. Lambar cirewa 8 da 10, 18 ke nan. An riga an tara 6, saboda haka na ciko 12. Na sama 23 a debe 18, saura 5. Tara su: 2, 4, 12, 5, sun ba da 23. A ma'auni kuwa na ƙasa inci 0.135, na masta 0.050, na ciko 0.150, na sama 0.0625, jimla 0.3975. Na ƙasa lamba 0 tsawonsa 0.110 ne, daga nan ake ƙara 0.0125 a kowane hawa. Sauran kuwa lambarsu kawai za ka ninka da 0.0125.

Abu biyu ke fitowa daga wannan lissafin. Na farko, mutane da yawa suna zaton don layin cirewa yana sama, sai an ɗaga filolin sama sosai kafin a same shi. Ba haka ba ne. Fil na ciko ya riga ya cike hawa 10 ɗin. A misalin nan yankan cirewa 8 ne, mai zurfi, wato ɗan taɓi kaɗan jerin ke so ya kai layin sama, alhali kafin ya kai mahaɗar mabuɗin ɗaki sai an ɗaga shi hawa 6 fiye da haka. Wanda ke tura tsinke sama da ƙarfi yana neman layin cirewa, wuce shi yake yi.

Na biyu, kuma shi ne zuciyar maganar: fil na sama ba ruwansa da mabuɗin ɗaki ko masta. Kullum 13 ne a debe yankan cirewa. To juya lissafin: ka auna fil na sama, ka raba da 0.0125, ka debe daga 13, ka sami yankan. Idan filolin sama na zuciyarka sun fito 5, 9, 12, 7, 4, 10, mabuɗin cirewar shi ne 8, 4, 1, 6, 9, 3. Mabuɗin buɗewa da ke hannunka kuwa ba zai gaya maka ko lamba ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kafin ka dogara da 13, tabbatar da tsarin. Akwai A3 mai hawan inci 0.018, zurfi 0 zuwa 6, jimla 16, ana ƙara 7. Akwai A4 mai hawan 0.021, zurfi 0 zuwa 5, jimla 14, ana ƙara 6. Idan awon filolinka ya ƙi rabuwa daidai da 0.0125, kada ka tilasta masa, gwada 0.021 da 0.018.

A A2, in ban da filolin ƙasa, babu fil mai lamba 1, mafi ƙanƙanta 2 ne, inci 0.025. Faifan tagulla mai kaurin 0.0125 yakan karkace ya shige tsakanin majuyi da riga. Shi ya sa a kowane rami ake tafiya da lambobi masu tazarar biyu-biyu, ko 0, 2, 4, 6, 8, ko 1, 3, 5, 7, 9.

Ƙugiya Siririya:

A kan fitar da ita da tsinke, akwai hanyar da ta fi jiran sa'a. Ka ɗauki kowace zuciya irin wannan da ke waje ka kifa ta, za ka ga jerin 'yan ramuka a ƙasanta, ɗaya a ƙarƙashin kowane jerin fil. An yi su ne don a zura siririn ƙarfe a turo filolin waje lokacin sauya lamba, kuma sun ratsa ta cikin rigar. Akwai ƙarfen matsi na musamman mai 'yan haƙora a ƙasansa, wanda ake kwantarwa a gindin hanyar mabuɗi har haƙoran su faɗa cikin ramukan rigar. Idan ka murɗa shi, rigar kake murɗawa kai tsaye, ba majuyi ba. Matsin duk ya koma layin sama, filolin su daina cijewa a layin ƙasa, zuciyar ta zama kamar makulli mai layi ɗaya.

A baki da sauƙi, a hannu akwai wurare huɗu da ake tuntuɓe. Haƙoran gajeru ne ƙwarai, da ka ɗan saki hannu sai su fice daga ramin, ƙarfen ya koma matsa majuyi ba ka sani ba. Maganinsa ɗan siririn tsinken itace da za ka cusa a samansa ya danne shi ƙasa. Sannan ƙarfen da abin da ya danne shi suna cinye kusan duk gindin hanyar, ƙugiyar ta rasa wurin juyawa, ta riƙa ɗaga filolin gaba tana neman na baya. Haƙoran kuma suna karyewa idan aka yi musu ƙarfi, gutsuren ya zauna a ramin. Na huɗu, ba kowace zuciya suke kamawa ba, domin faɗin gindin hanyar da yanayin ramukan sun bambanta daga wata zuciya zuwa wata, shi ya sa ake ƙera ƙarfen da girma daban-daban.

Matsa zuwa dama kawai, tunda kunnen ta nan yake shigewa. Fara da gano fil ɗin da ya fi cijewa, ka ɗaga shi a hankali har ka ji ya saki, ka nemi na gaba. Idan duk sun zama laushi babu mai cijewa kuma ba a juya ba, akwai wanda ka wuce da shi. Sassauta matsin kaɗan-kaɗan har ka ji ɗaya ya faɗo, kada ka saki duka. Alamar nasara ita ce fuskar majuyin ta karkata kaɗan ta tsaya tsam, ba ta ci gaba. Kada ka cire matsin a nan. Saƙala ƙugiya a cikin hanyar ka jawo zuciyar waje tana karkacen, don in rigar ta koma mazauninta kunnen zai sake fitowa, filolin su zubo, aikin ya dawo sabo.

Tsohon Maƙeri:

Hanyar da Ƙugiya ya bayyana gaskiya ce, amma ga wanda burinsa ya sami mabuɗin cirewa, ni ban ɗauke ta ta farko ba. Tana iya cin kwanaki ga sabon hannu, kuma kowane zama yana ƙara kankare bakin filolin ƙasa da raunana sifirin. In koyon tsinke ake so, a ci gaba da ita. In zuciyar ake so lafiya, a sadaukar da gidan.

Abin da ke riƙe da zuciyar tudu ɗaya ne a gaban kunnen. Samo wata zuciya irinta, ka auna nisan kunnen daga fuska da gefen da yake, ka zana wurin a jikin gidan daga waje. Da injin huda ko magagari sai ka ci naman gidan a wannan gefen, daga inda kunnen yake zuwa baki, kaɗan-kaɗan, kana share garin kana dubawa. Da ka hango tagullar kunnen sai ka dakata da injin, ka ƙarasa da magagari. Idan hanya ta buɗe a gabansa, zuciyar za ta zamo da kunnenta a waje, ba abin da ya taɓa filolinta. Kuskuren da aka fi yi shi ne zurfafa hudar har bakin injin ya ci kunnen ko ya shiga ramukan sama, ya niƙe filolin da ake son aunawa. A gidan kuba na tagulla aikin ba wuya. A kwaɗo mai jikin ƙarfe mai tauri kuwa sai an yi haƙuri, kuma a sa tabarau, don gutsuren ƙarfe ba ya sallama kafin ya shiga ido.

Bayan ta fito, a turo jerin rami ɗaya-ɗaya, ba duka a tare ba. Akwai ɗan akwatin ƙarfe da ake zura zuciyar a ciki wanda ke karɓar kowane jeri yadda yake. In babu shi, shimfiɗa farin ƙyalle, ka zura ƙarfen turowa ta ramin ƙasa, ka buga a hankali har murfin ramin ya fita, ka tare da yatsa, sannan ka zaro da hantsaki: murfi, sifirin, fil na sama, na ciko, na masta, na ƙasa. Jera su a kan takarda mai layi shida. Na sama da na ciko da na masta kamarsu ɗaya, in suka cakuɗe ba abin da zai nuna maka wane ne wane.

Sai a kula da wannan: mabuɗan Best daga tsini ake ƙirga yankansu zuwa kai, kuma tsinin ne ke tokare su a cikin zuciya, ba kafaɗa ba. Rami na 1 shi ne na can baya. Wanda ya saba da sauran makullai yakan rubuta lambobin a juye, ya yanka mabuɗi mai kyau da ba ya juya komai.

Wannan sauƙin karantawar shi ne raunin tsarin, kuma duk mai kula da gini ya kamata ya riƙe shi a ransa. Galibi mabuɗin cirewa ɗaya ne ke aiki a zukatan gini gaba ɗaya. Kwaɗo ɗaya da ya ɓata daga ƙofar shinge yana ɗauke da lambarsa a ciki, da alamun mastan ma. Tun a 2003 wani masanin tsaro mai suna Matt Blaze ya wallafa bincike a kan yadda tsarin masta ke tona asirin kansa ga mai mabuɗi ɗaya. Saboda haka kwaɗunan waje a ba su lambar cirewa tasu daban, kada a sa musu babban masta, zukatan da aka ajiye a ƙirga su a kulle kamar yadda ake kulle mabuɗai, wadda ta ɓata kuma a ɗauke ta tamkar mabuɗin cirewa ne ya ɓata.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lissafin 23 ɗin ya zauna mini. Saura batun babban tsaro. Kuma manyan zukatan nan, irin na kamfanin Schlage, su ma layi biyu ne?

Mai Awo:

A'a, ɗan'uwa, manyan kowane kamfani da tasa dabarar, kuma ba sa shiga gidan juna kamar yadda ƙananan Best da Falcon da Arrow ke yi. Babbar zuciyar Schlage layin rabuwa ɗaya gare ta. Mabuɗin cirewarta ya fi na buɗewa tsawo, tsinin da ya ƙaru yana ɗaga wani fil na daban a can ƙarshe, wanda ke janye abin da ya riƙe zuciyar idan an juya. Sauran yankan irin na mabuɗin da ke buɗewa ne. Don haka mai irin wannan kubar da ya rasa na cirewa ba ya bukatar huda komai: ya kai mabuɗinsa da shaidar mallaka wurin maƙerin makulli mai izini, a yanka masa a kan dogon ɗanyen mabuɗi, wato wanda ba a yi wa yanka ba tukuna. Yale ma da ƙarin tsawo take aiki. Corbin Russwin da Sargent kuwa suna da layi na biyu, amma ba a duk ramuka ba: a Corbin Russwin mai ramuka 6, huɗu na tsakiya ne, a Sargent 6300 na 3 da na 4 kaɗai. Lissafin 13 ba ya aiki a kansu.

Zuciyar SFIC ta yau da kullum ba ta cikin masu babban tsaro, duk da wahalar da take bayarwa. Fuskarta tagulla ce, bakin injin huda na cinta cikin sauƙi, ɗanyen mabuɗin tsofaffin hanyoyinta kuma yana samuwa. Wanda ake kira mai babban tsaro sai ya haɗa abu uku: juriyar tsinke, juriyar huda da finciko, da hana kwafar mabuɗi ba izini. Ma'aunin UL 437 na Amurka, alal misali, yana bukatar makullin ƙofa ya jure minti 10 na tsinke da minti 5 na huda a hannun masu gwaji. Don haka ake dasa gutsattsarin ƙarfe mai tauri a fuskarsa.

Matakin farko na hana tsinke shi ne sauya siffar fil na sama. Akwai mai siririn ƙugu kamar kalangu: idan ƙugun ya zo kan layi, majuyi ya karkata kamar zai buɗe, alhali bakin fil ɗin ya maƙale. Ana gane shi da cewa in ka tura shi, majuyin na neman komawa baya yana ture ƙarfen matsinka. Sai ka bar shi ya koma ɗin har fil ya haye, ko da wasu za su faɗo. Akwai mai tsaga-tsaga kamar bakin zarto, wanda kowace tsaga ke ba da ƙarar ƙarya. Waɗannan har a zuciyar SFIC ana iya sa su.

Masu babban tsaro na ainihi kuwa suna ƙara kulle na biyu wanda bai dogara da tsawon fil ba, wato sandar gefe. A Medeco, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1960, bakin fil ɗin kamar kurfi yake, yankan mabuɗin kuma a karkace, hagu ko tsakiya ko dama, wajen digiri 20. Dole kowane fil ya hau daidai tsawonsa, ya kuma juya har tsagar da ke gefensa ta fuskanci ƙafar sandar. Ana kuma yi masa tsagogin ƙarya marasa zurfi da ke kama ƙafar su hana fil ɗin juyawa. Schlage Primus da ASSA Twin sun bi ta wata hanyar: layin yanka na biyu a gefen mabuɗin yana sarrafa wasu ƙananan filoli 5 da ke tsare sandar. Mul-T-Lock kuwa wata dabarar ce daban, fil ne a cikin fil, na ciki da na waje kowanne da tsawonsa. Abloy, wadda Emil Henriksson ya ƙirƙiro a Finland a 1907, ba fil ma a cikinta: fayafai ne da mabuɗi ke juyawa kowanne zuwa kusurwarsa har tsagoginsu su jeru sandar ta faɗa, ƙugiya ba ta da abin ɗagawa. Duka an taɓa buɗe su a kan teburin gwaji, amma da kayan da aka ƙera don kowanne da kuma atisaye mai tsawo. A siffar SFIC ɗin kanta akwai waɗanda aka ƙara wa kariya, kamar CORMAX na Best da Medeco X4, masu wani ƙarin abu da sai mabuɗin asali ke motsa shi. Ƙarfinsu ya fi yawa wajen hana kwafar mabuɗi.

A tsaya kan naka na bais. Kubar da ke aiki a ƙofa, ko taka ce, ba wurin gwaji ba ce, tsinke ɗaya ya karye a ciki ka kwana a waje. Kayan tsinken kansu wasu ƙasashen sun taƙaita mallakarsu, a duba dokar inda ake.

Ƙugiya Siririya:

Ƙari kan mayar da ita, tunda nan ma ana asarar zukata. Sifirin da murfin da aka turo waje sun gama aiki, ƙarfen turowa ya riga ya murƙushe su, a sa sababbi. Best murfi ɗaya-ɗaya take amfani da shi a kowane rami, ana buga shi da ɗan ƙarfen bugawa a cikin akwatinsa; Falcon kuwa doguwar marufa ɗaya ce da ake zurawa ta rufe duka. Kafin ka rufe ko rami ɗaya, zuba filolin duka, ka leƙa ta sama ba mabuɗi a ciki: tunda kowane jeri 23 ne, kawunansu dole su yi daidai da juna. Wanda ya nutse ko ya ɗago, a nan kuskuren yake. Sannan gwada kowane mabuɗi kana danne jerin da ɗan ƙarfe, na cirewa ya shigar da kunne, na buɗewa ya juya majuyi shi kaɗai.

Wajen zura ta a sabon gida, akwai 'yan sanduna biyu a ciki da ke shiga ramuka biyu na bayan majuyi. Daidaita su da tsinin sukurdireba tukuna, kada ka tura da ƙarfi su lanƙwashe. Zuciya mai ramuka 6 a gidan mai 7 tana bukatar ɗan abin ciko a kan sandunan. Idan ta zauna, mayar da mabuɗin hagu har kunnen ya fito, sai a lokacin zai yarda ya zaru. Kada a sa mata giris ko man inji, suna tara ƙura su riƙe siraran filolin. Busasshen man makulli kaɗan a jikin mabuɗi, a shiga a fita sau uku ko huɗu, ya wadatar.